Fitilar ABS ta kunnu: kafin a sayi sabon sensa

Direbobi da yawa idan fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ke ɗauke da haruffan ABS ta kunnu a dashbod, sai su taka burki, su ji yana kamawa, su ce ai ba komai. Wasu ma rewaya suke sawa ya cire ƙwan, ko ya liƙe shi da baƙin salatif. Burkin kam yana nan. Abin da ya tafi shi ne tsarin da ke hana taya ƙamewa idan aka taka da ƙarfi, wanda kamfanonin Mercedes-Benz da Bosch suka sa a motocin alfarma na Mercedes a 1978. Taya idan ta ƙame ja take yi a kan kwalta, kuma tayar da ke ja ba ta jin sitiyari. Ranar da akuya ta ɓullo maka a jiƙaƙƙen titi da damina, ranar ce ake gane bambancin.

Kowace ƙafa tana da ɗan sensa da ke ƙirga juyawarta yana kai wa kwamfutar burki labari. Da zarar wata ƙafa ta nemi tsayawa alhali sauran suna gudu, kwamfutar sai ta riƙa sassauta mata man burki tana mayarwa, sau da dama cikin daƙiƙa guda. Shi ne karkarwar da kake ji a tafin ƙafarka. In labari ya yanke daga ƙafa ɗaya, kwamfutar takan janye hannunta gaba ɗaya, ta kunna fitila.

A nan ake asarar kuɗi. Ba kowace kunnuwar fitila ce ke nufin sensa ya mutu ba. A fara sa wa motar kwamfutar gano matsala, kuma wadda ke karanta ɓangaren burki, don ƙananan na'urorin nan masu arha yawanci inji kawai suke gani. A motocin Toyota da yawa, lambar C0200 tana nuna ƙafar gaba ta dama, C0205 ta hagu, C0210 da C0215 kuma ƙafafun baya. Amma lambar ƙafa kawai ta nuna maka, ba ta ce ga abin da ya lalace ba. Sau tari wayar ce ta tsinke, domin tana lanƙwasuwa duk sanda aka juya sitiyari ko aka faɗa rami, ko kuma wani ya bar ta tana lilo bayan canza shokazoba har taya ta goge ta. Wani lokaci laka da garin ƙarfe ne suka taru a bakin sensan mai maganaɗisu, tsumma kawai yake bukata.

Akwai kuma ta'asar boris. A motocin zamani da yawa zoben da sensa ke karantawa yana jikin boris ɗin ƙafa, a fuska ɗaya tak. Bakanike ya buga sabon boris a juye, shi ke nan, fitila ta kama, ko sensa goma za a canza ba za ta mutu ba. Saboda haka in fitilarka ta kunnu jim kaɗan bayan gyaran ƙafa, koma inda aka yi gyaran tukuna.

In an tabbatar sensan ne, aikin ba shi da wuya. A kashe mota, a ɗaga ta da jak, a tokare ta da abin da zai riƙe ta, a cire taya. Noti ɗaya ne yawanci ke riƙe da shi, sau da yawa na sifana mai lamba 10. Wahalar tana wajen zaro shi, musamman a motocin da suka sha gishirin hanyoyin Turai da Amurka kafin su iso mana, inda tsatsa ta cije shi a rami. Jikinsa roba ne. A fesa man sassauta tsatsa, a yi ta murɗa shi a hankali. Wanda ya sa sukundireba ya ɓanɓare da ƙarfi zai karya shi a ciki, aikin rabin awa ya koma na yini. A goge ramin tas, sabon ya zauna daram, a bi da wayar ta ainihin hanyarta, a mayar da kowane maƙali, sannan a jona soket.

Wajen saye, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ne ko ta Panteka, tafi da tsohon a hannu. Na dama da na hagu sukan bambanta, haka na gaba da na baya, kuma a wasu motocin sensan baya haɗe yake da cibiyar ƙafar, dole a canza su tare. A ganina na gwanjo na asali ya fi sabo marar suna, muddin an duba wayarsa ba ta da ɗori.

Bayan an gama, a goge lambar da kwamfuta, a zaga da motar, domin wasu fitilun ba sa mutuwa sai taya ta ɗan yi gudu. Mai sayen mota ta hannu kuwa ya murɗa makulli ya zuba ido: lafiyayyar fitilar ABS takan kunnu na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. In ba ta kunnu ba sam, a tambayi dillali ina ƙwan ya tafi.