Kwaɗon Tafasa: Girkin Kakanni a Ma'aunin Kimiyya

Da zarar damina ta kankama a Tsohon Birnin Gwari, kangaye da bakin hanya da gefen gonaki sukan rufe da wani tsiro mai fure rawaya, wanda babu wanda ya shuka shi. Wannan tsiro shi ne tafasa. Ko awaki ba su cika kula shi ba. Amma da shi ne matan da suke riƙe gida a watannin Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai nuna ba. Sukan tsinko ganyen su dafa, su kwaɗa da ƙuli-ƙuli, a ci a kora da ruwa.

A shekarun da 'yan bindiga suka addabi wannan yanki, manoma da yawa sun kasa zuwa gonakinsu na nesa, shiga dajin Kamuku neman ganye ko itace kuwa ya zama kasada. Abinci ya yi tsada, nama ya yi wa talaka nisa. A irin wannan hali, ganyen da ke tsirowa a bayan gida ya cancanci a sake duba shi da idon basira.

Abin da aka rubuta da abin da aka bari

Girkin Hausa na da a hannun iyaye mata yake, 'ya ta koya a gindin murhu. Kaɗan ne ya shiga takarda. Daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka adana wannan ilimi akwai na J. M. Dalziel, wani likita ɗan Birtaniya da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya. A 1916 ya fitar da littafin sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Irin waɗannan littattafai sukan faɗi sunan ganye da amfaninsa, amma wanda ya yi niyyar girkawa zai tarar akwai sauran tambayoyi uku: wane ganye ne ainihi, yaya za a dafa shi, kuma da wane irin ƙuli za a haɗa? Ilimin halittu yana da amsar kowacce.

Gane ganyen

Masana tsirrai suna kiran tafasa Senna obtusifolia. Yana da ɗan'uwa mai kama da shi, wato rai-ɗore, wanda 'ya'yansa ke da guba ga mutum da dabba. Bambance su ba wuya. Kowane ganyen tafasa yana ɗauke da ƙananan ganye shida, biyu-biyu suna fuskantar juna, bakinsu a zagaye kamar cokali. Na rai-ɗore yawanci sun fi haka yawa, bakinsu kuma da tsini. Kwanson tafasa siriri ne, dogo, a lanƙwashe kamar lauje.

Ganye mai taushi na saman tsiron ake tsinka, tun bai yi fure ba. Akwai kuma abin da kakanni ba su sha fama da shi ba: maganin kashe ciyawa. Kada a tsinki ganye a gefen gonar da aka yi wa feshi, ko a wurin da ake bahaya.

Dahuwa da batun kanwa

Ɗanyen tafasa yana da ɗaci da wari, yana kuma ɗauke da sinadaran da ke sakin ciki. Shi ya sa ake tafasa shi a zubar da ruwan, kai ka ce sunansa ne yake faɗin yadda za a yi da shi. Sai dai ruwan da aka zubar yana tafiya da wani kaso na bitamin C, domin wannan bitamin yana narkewa a ruwa, zafi kuma yana lalata shi. Dabarar ita ce a bari ruwa ya tafasa kafin a zuba ganye, a sauke da zarar ya yi laushi, a tsane a matse.

Mata da yawa sukan jefa kanwa domin ganye ya nuna da wuri, ya kuma fito kore shar. Kanwa tana yin wannan aiki, amma tana ƙara lalata bitamin C da bitamin B1. Ke nan kyan launi ba shaida ce ta amfani ba. Tsiran taushi ba ya buƙatar kanwa.

Aikin ƙuli-ƙuli

Hikimar wannan girki tana wajen haɗin. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin gyaɗa furotin ne, wato sinadarin gina jiki, kuma idan aka matse mai aka yi ƙuli, kason yakan ƙaru sosai. Shi kuwa ganye yana ba da sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata, da kalsiyam na ƙashi, da karotin wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Rashin bitamin A ne ke kawo dundumi, ya kuma raunana yaro a gaban kyanda da gudawa. Hanji ba ya tsotse karotin yadda ya kamata sai da maiƙo. Don haka sauran man da ke cikin ƙuli, da ɗan man gyaɗar da ake yaryaɗawa, su ne ke buɗe wa karotin hanya. Kakanni ba su san sunan karotin ba, amma sun dace da haɗin.

Sai dai gyaɗa tana da nata hatsarin. Idan ba ta bushe da kyau ba, wata irin fumfuna mai suna Aspergillus flavus takan kama ta, ta zuba mata guba da ake kira afalatoksin. An gano wannan guba ne bayan da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, sakamakon abincin da aka haɗa da garin gyaɗa. Tana lalata hanta, tana iya jawo mata sankara, kuma suya ba ta kawar da ita duka. Ƙulin da ya yi ɗaci ko warin ruma, a rabu da shi.

Yadda za a haɗa

Don mutum huɗu, a sami ɗanyen ganye cike da mudu biyu, da dakakken ƙuli cikin gwangwanin madara biyu, da albasa ɗaya, da tumatir biyu, da yaji da gishiri, da man gyaɗa cokali biyu. A dama ƙulin da ruwa kaɗan mai tsabta, a zuba dafaffen ganyen, a yanka albasa da tumatir ɗanye a kai, a cuɗa. Ɗanyen tumatir yana mayar da bitamin C da aka rasa a tukunya, shi kuma wannan bitamin yana taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye. Shayi akasin haka yake yi, don haka a jinkirta shi. Inda babu tafasa, rama ko zogale za su maye gurbinsa.

Aiki ga malamai da ɗalibai

Wannan darasi ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Malami zai iya fita da ɗalibai bayan aji su tsinko tafasa da rai-ɗore, su ƙirga ganyen, su zana su a littafi. Sannan a jiƙa zoɓo, a raba ruwan a kofi biyu, a matsa lemun tsami a ɗaya, a ɗiga ruwan kanwa a ɗaya. Na farko zai ƙara ja, na biyu zai juye ya yi duhu-duhu zuwa kore, ɗalibai su gani da idonsu cewa kanwa tana sauya abin da ta taɓa. Daga nan kowa ya je gida ya tambayi kakarsa yadda take haɗa nata kwaɗon, ya rubuto ma'auni da tsawon dahuwa, a kwatanta a aji. Abin da ajin ya tara shi ne littafin girkin da magabata ba su samu damar rubutawa ba.