Kitso Mai Zafi Ba Ya Ƙara Tsawon Gashi

Da an kammala girbin gero a ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa da Kunchi, sai bukukuwa su kankama, makitsa kuma su rasa lokacin kansu. Mace ta wuni tana sussuka da shiƙa, ƙaiƙayi ya cika mata kai, ga biki jibi. Sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta jingina madubi da turmi, ta ɗauki kibiya ta gyara gaban kitsonta da kanta. Samarin da suka dawo ci-rani daga Legas da gashin dada su ma sun koyi nasu: kwarashi, irin wanda mata ke saƙa da shi, suke zurawa a gindin kowane sili su ɗaure sabon tsiro.

Maganganu da yawa ke yawo a kan wannan gyara, kuma ba duka ne gaskiya ba.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce wai in kitso bai yi zafi ba bai kamu ba, kuma ja ne ke fito da gashi. Ƙarya ce. Gashi daga ƙarƙashin fata yake tsirowa, kimanin santimita 1 a wata, ko an ja shi ko ba a ja ba. Abin da ja ke yi shi ne cinye gaban goshi da gefen kunne. Likitoci sun bayyana wannan cuta tun 1907, a kan matan tsibirin Girinlan masu ɗaure gashi tamau. Alamunta na farko su ne ƙananan ƙuraje a bakin tsaga, ciwon kai, da kitson da ke hana mace yin sujada cikin daɗi. In an sassauta da wuri gashin kan dawo. In aka shekara da shekaru ana ja, saiwar kan mutu, ba man da zai tashe ta.

Sai masu cewa kibiya ce ke tsinka gashi, don sun ga dunƙulen da ke fita ranar tsifa. Nan akwai gaskiya kaɗan, domin tsifar gaggawa a busasshen kai tana karya gashi. Amma lafiyayyen mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 kullum. A kitson mako uku, sili sama da 1,000 ne ke maƙale suna jiran ranar da za a kwance.

Wai dada ba a wanke shi? Ana wankewa sarai. Barin sa da danshi a ƙarƙashin hula ne ke kawo wari. Kwarashi ma ba laifinsa ba ne, yawan matsewa ne ke sirantar da gindin sili har ya gutsure, shi ya sa masu sana'ar kan bar wata ɗaya zuwa biyu tsakanin gyara da gyara.

Wasu matan kan ɗauka sai sun tsefe kai kafin wankan janaba. Hadisin Ummu Salama da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna ba dole ba ne, kuma malaman Malikiyya a kan haka suke, sai in kitson ya yi tsaurin da ruwa ba zai ratsa ba.

Wadda ta tabbata gaskiya ita ce ta aron kayan kitso. Kibiya ɗaya ko mataji ɗaya da ya zaga kawunan yaran gida yana yaɗa ƙwarƙwata da makero. Makeron kai kuwa shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi, sai an haɗa da maganin sha na makonni daga asibiti. Don haka kowace yarinya a saya mata nata matajin ranar kasuwa, kibiya kuma a wanke ta da sabulu kafin ta taɓa wani kan.