Adon Harshe A Waƙa: Bambancin Kamantawa Da Siffantawa

Rikita kamantawa da siffantawa na daga cikin abubuwan da kan jawo wa ɗalibai asarar maki a jarrabawar Hausa ta WAEC da NECO.

Kamantawa ita ce kwatanta wani abu da wani ta amfani da kalmomi irin su "kamar", "tamkar" ko "ya fi". Misali: "Uwa tamkar inuwa take." Siffantawa kuwa ba ta buƙatar irin waɗannan kalmomi, kai tsaye mawaƙi zai ce: "Uwa inuwa ce."

Idan kuma aka bai wa abin da ba mutum ba halayyar ɗan Adam, kamar a ce "yunwa ta ƙwanƙwasa ƙofa", wannan mutuntarwa ce.

Don haka kafin ɗalibi ya amsa tambaya, ya fara duba ɗangon, wato layin waƙar, ya ga ko akwai kalmar kwatance ko babu.