Ina Takardar Gonarka Take? Jawabi Ga 'Yan Kasuwar Tambuwal Da Kebbe

Wanga mako mun ɗan rage filin farashin gero da albasa saboda wata magana da ta dami 'yan kasuwa da yawa, watau neman tsohuwar takarda a ofisoshin hukuma.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wani mai sayen hatsi da munka sani a ƙasar Kebbe. Mahaifinsa ya sayi fadama a 1984, anka rubuta takarda da ajami, shaidu uku sunka sa hannu. Bana ya so ya ba da fadamar jingina don ya ƙara jari kafin kaka, ya buɗe adaka ya iske gara ta cinye rabin takardar. Shaidu biyu sun rasu. Ɗiyan wanda ya sayar kuwa sunka ce ai aro ne, ba saye ba. Ya yi sawu huɗu zuwa Sakkwato, kuɗin mota kaɗai sun ci buhun gero, bai samo komi ba. Ba wanda ya ɓoye mashi wani abu. Inda ya je ne ba nan takardar take ba.

To, jama'a, takarda ba ta bin mai ita. Tana zama ne a ofishin da ke da iko ranar da anka rubuta ta. Saboda haka kafin ka shiga mota ka tambayi kanka, wace shekara anka yi abin?

Kafin 1976 ƙasar nan duka tana hannun En'e ta Sakkwato. A shekarar ne anka kafa Jihar Sakkwato, anka kuma kawo ƙananan hukumomi, Tambuwal da Kebbe sunka faɗa ƙarƙashin Yabo. Daga baya anka yanke Tambuwal, bayan nan anka yanke Kebbe daga cikinta. Ke nan mutumin Kuchi ko Margai wanda takardarsa ta girmi ƙaramar hukumarsu, in bai same ta Kebbe ba, sai ya nufi Tambuwal, in ta fi haka tsufa ya leƙa Yabo. Masu gona bakin iyaka kuma su tuna an yanke Jihar Kebbi a 1991, Zamfara a 1996. A nan za mu ja kunne: Kebbe daban, Kebbi daban. A ajami ɗigon imala kaɗai ya raba su, a boko harafi guda. Ka duba abin da akawu ya rubuta maka tun kana gabansa.

Maganar gona ita ce mai nauyi. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamnan jiha. Filin cikin gari wanda anka ayyana birni ne, gwamna ke ba da takardar mallakarsa, kuma fayil ɗinsa yana ma'aikatar filaye a Sakkwato. Gonar ƙauye kuwa ƙaramar hukuma ke da ikon ba da takardarta ta gargajiya, har hekta 500 in ta noma ce, hekta 5,000 in ta kiwo ce. Dokar ta kuma ce sayarwa ko jingina sai da yardar hukumar da ke da ikon filin. Amma kowa ya san yadda muke ciniki. Mai saye da mai sayarwa su je gaban mai unguwa ko hakimi, malam ya rubuta, a raba goro, a watse. Irin wagga takarda ba ta taɓa shiga Sakkwato ba, yaya za ka neme ta can? Inda za ka fara shi ne gidan hakimi, sannan ofishin uban ƙasa, ka tambayi magatakarda ko an shigar da cinikin cikin littafi. Shaida ce mai amfani gaban alƙali, amma banki ba ya karɓarta a madadin takardar gwamna.

Wurin da mutane sunka fi mantawa shi ne kotu. Duk gonar da anka taɓa raba gadonta ko anka yi rikicin iyakarta gaban alƙali, an rubuta ta cikin littafin shari'a, da sunan masu maƙwabtaka gabas da yamma, kudu da arewa. Kotunan alƙalai sun bar hannun En'e tun ƙarshen shekarun 1960 sunka koma kotunan yanki na jiha, a 2000 kuma sunka zama kotunan shari'ar Musulunci. Suna ya canza, amma littattafan na sashen shari'a ne, ba na sakatariya ba. Ka je wurin rajistara da sunan mai ƙara da wanda anka yi ƙara da shekara, ko da kirdado ne. Kada ka yarda da hoton takarda kurum. Dokar shaida ta 2011 tana son kwafin da jami'i ya tabbatar, da sunansa da muƙaminsa da kwanan wata da hatimi. Ana biyan kuɗi, ka karɓi rasit.

Rumfar kasuwa da tasha da mahauta duk na ƙaramar hukuma ne, littafinsu yana sashen kuɗin shiga. Takardar zama ɗan ƙasa ma a sakatariya ake yinta. Ta haihuwa da ta mutuwa kuwa tun 1992 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke da su.

Wanda ke neman abin zamanin Turawa, kamar iyakar gari da gari ko lissafin haraji da jangali, fayilolin Lardin Sakkwato suna gidan ajiyar takardun ƙasa a Kaduna, akwai kuma gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Sai dai kada a sa rai da yawa. Lissafin gunduma ne, da wuya ka ga sunan gonar kakanka.

In anka ce maka je ka dawo har ka gaji, akwai dokar 'yancin samun bayani ta 2011. Ka rubuta abin da kake so, ka riƙe kwafi da sa hannun wanda ya karɓa. Ofis yana da kwana 7 ya ba ka ko ya faɗi dalilin hanawa a rubuce. Ba dole ka faɗi abin da za ka yi da takardar ba, wanda bai iya rubutu ba kuma wani na iya rubuta mashi. An daɗe ana gardama ko dokar ta hau jihohi, a 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau su.

Shi kuwa mai hatsinmu, shaidan da ya rage ne ya tuna cewa shekara biyu bayan cinikin an yi rikicin iyaka da maƙwabcin fadamar har gaban alƙali. Kwana uku anka yi ana kakkaɓe ƙura kafin littafin ya fito. A ciki ga wanda ya sayar nan da bakinsa yana shaida cewa ya sayar, ya karɓi kuɗinsa cif. Anka karanta ma ɗiyansa, sunka janye. Sai dai kafin nan sabon gero ya riga ya shigo kasuwa, bana da ɗan jarin da ke hannunsa ya yi awo.