Batirin Tsohuwar Motar Soja Na Yawan Mutuwa? A Fara Duba Inda Ake Cajin Waya

Masu dakon kifi, shinkafa da albasa tsakanin Warra, Yauri da ƙauyukan bakin tafkin Kainji suna son tsofaffin motocin soja da aka yi gwanjonsu, domin suna jure laka da ramuka. Sai dai da yawansu na da matsala guda: a kashe mota lafiya da yamma, da asuba ta ƙi tashi, kifi kuma ba ya jiran kowa. Kafin a kashe kuɗi a sayi sabon batir, ga abubuwan da ya kamata a bincika.

Batir biyu, wuta ɗaya

Ƙananan motoci na aiki da volt 12, amma yawancin manyan motocin soja volt 24 ne. Batir biyu masu volt 12 ake haɗawa a jere, kuma altaneta na cajinsu tare kamar abu guda.

Idan yaron mota ya maƙala waya a kan batir ɗaya don ya samu volt 12 na cajin waya, rediyo ko fitila, wannan batirin ne kaɗai ke zuba. Altaneta ba ta bambance su, jimillar wutar kawai take gani. Sai wanda aka ja ya kasa cika, ɗayan kuma ya sha caji fiye da kima har ruwansa ya ƙone. A ƙarshe duka biyun su lalace.

Maganin ba shi da tsada. A sayi cajar USB da aka rubuta 12V–24V a jikinta, ko kanbata mai sauke volt 24 zuwa 12, a haɗa ta da batiran biyu ta bayan fiyus. Cajar da ke ɗauke da 12V kaɗai kada a sa ta a volt 24, za ta iya ƙonewa ta tafi da wayar.

Gwaji uku da mita

Ƙaramar mitar masu gyaran waya ta isa.

1. Bayan mota ta huta awanni, a auna kowane batir shi kaɗai. Cikakke yana nuna kusan 12.6. Idan ɗaya na 12.6 ɗayan kuma 12.0, ba su daidaita ba.
2. A tada injin, a auna su tare. Lafiyayyar altaneta na bayar da kusan volt 27.5 zuwa 28.5. Idan mitar ta tsaya a 25 ko ƙasa, babu caji: a duba bel ko ya saki, sannan wayoyin altaneta da regileta. Idan ta haura 29 sosai, dafa batir take yi.
3. A kashe komai, a cire kan nagetif da ke haɗe da bodin mota, a mayar da mitar kan 10A, a sa ta tsakanin kan batir da wayar da aka cire. Tsohuwar motar dizal ba ta da kwamfuta, don haka ya kamata a ga kusan sifili. Idan ana jan wuta, a riƙa cire fiyus ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Idan ba ta faɗi ba, mai wayarin ya cire wayar altaneta, domin diyod ɗinta da ya lalace kan sace wuta cikin dare. Kada a murza makulli yayin wannan gwaji, mitar za ta ƙone.

Zafi da laima

Zafin Maris da Afrilu na saurin ƙafar da ruwan batir. A riƙa ƙara tataccen ruwan batir, ban da ruwan rijiya ko na tafki, kuma ban da asid. Laimar bakin ruwa kuma na ƙara farin garin da ke taruwa a kan batir, wanda ke tare caji. A goge shi da burushin ƙarfe, a ɗaure sosai, a shafa giris. A nisanta sigari da ashana, iskar da batir ke fitarwa tana kamawa da wuta.

Idan sauyi ya zama dole, a sauya biyun tare, iri ɗaya kuma girma ɗaya, domin tsoho kan ja sabo ƙasa. Motar da za ta kwana biyu a ajiye, a kashe babban makunninta na batir, in babu a cire kan nagetif.