Bajon da ke ƙirjin ɗalibi: wa ke zaɓa, wa ke da ikon cirewa?

Da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, duk wanda ya tsaya a bakin France Road ko Igbo Road a Sabon Garin Kano zai ga launuka suna wucewa cikin A Daidaita Sahu: shuɗi da fari, kore da ruwan ƙwai, ja da ruwan toka. Kowane yaro da bajon makarantarsa a aljihun riga, 'yan mata kuma a gaban hijabi ko a ƙirjin gawun. A jikin bajon akwai buɗaɗɗen littafi, ko fitila, ko allo da alƙalami, ko jinjirin wata, ko gicciye, ko kurciya, ko zaki. A ƙasa kuma an rubuta taken makarantar, wani da Turanci, wani da Larabci, jifa-jifa da Hausa.

Mafi yawan iyaye ba sa tsayawa su duba zanen. Kuɗin yunifom ne damuwarsu. Amma wannan ɗan ƙyalle shi ne abin da yaro zai maƙala a ƙirjinsa kwana biyar a mako har shekara shida, da shi za a ɗauke shi hoton kammala karatu, shi ne kuma zai tuna bayan ya yi furfura. Shi ya sa duk ranar da aka ce za a taɓa shi, rigimar kan fi ƙarfin girmansa.

Babu inda wannan rigima ta yi ƙamari kamar Amurka. A can kusan kowace sakandare tana da wata dabba ko wani gwarzo da take kirari da shi a filin wasa. Ana zana shi a bangon aji da rigar 'yan ƙwallo, wani ɗalibi kuma ya sa kayan kwaikwayonsa yana zuga 'yan kallo. Damisa da gaggafa ba su taɓa tayar da hankalin kowa ba. Matsalar ita ce makarantu da yawa sun zaɓi hoton mutum: 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar, suka ƙwace musu ƙasa, suka kuma riƙa tara 'ya'yansu a makarantun kwana don raba su da harshensu. Sai ga jikokin waɗanda suka yi ƙwacen suna shafa fenti a fuska, suna soka gashin tsuntsu a ka, suna ihu da sunan kwaikwayon waɗanda aka zalunta. A 2005 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta nemi a daina, bisa binciken da ya nuna cewa hakan na rage wa yaran 'yan asali ganin ƙimar kansu. Jihar Maine ta haramta shi a makarantun gwamnati a 2019. Ƙungiyar ƙwallon birnin Washington ma ta ajiye sunanta na Redskins a 2020.

Labarin wani ƙaramin gari mai suna Cambridge a jihar New York ya fi kowanne koyarwa. Makarantun garin suna ƙarƙashin kwamitin mutum biyar da jama'a ke zaɓa da ƙuri'a. Shekara da shekaru 'yan wasan makarantar ana kiransu Indians, tambarinsu kuma kan wani ɗan asali ne. A ƙarshen 2020 wani tsohon ɗalibi ɗan ƙabilar Mohawk ya nemi a cire. Gari ya rabu biyu, kowane ɓangare ya kafa allunansa a ƙofar gida. Masu son a bari ba duka ne 'yan wariya ba: da yawa iyayensu da kakanninsu sun yi wasa da wannan riga, suna ganin girmamawa ce. A Yunin 2021 kwamitin ya yanke a cire, da ƙuri'a uku da biyu. Cikin wata guda aka sami sauyi a mambobin kwamitin, aka sake zama, aka mayar da sunan, shi ma uku da biyu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya a bar sunan yana da jinin 'yan asali.

Wasu iyaye suka kai ƙara wurin kwamishiniyar ilimi ta jihar, Betty Rosa, ta soke hukunci na biyu. Hujjarta abin lura ce: kwamitin farko ya saurari mutane ya rubuta dalilansa, na biyu kuwa ya juya maganar ba tare da ya kawo wani sabon dalili ba. Kotu ta goyi bayanta a 2022. A Afrilun 2023 hukumar ilimi ta jihar ta haramta irin waɗannan sunaye a duk makarantun gwamnati, da wa'adi zuwa tsakiyar 2025, wanda ya ƙi kuma yana iya rasa tallafin jiha. An bar ƙofa guda a buɗe: idan ƙabilar da abin ya shafa ta amince. Ta haka garin Salamanca, wanda ke kan ƙasar ƙabilar Seneca, ya ci gaba da amfani da nasa. Ko da haka wutar ba ta mutu ba, domin a 2025 Shugaba Donald Trump da kansa ya shiga faɗan wata makaranta a Massapequa yana goyon bayan a bar mata sunanta.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Rinjayen ƙuri'a ɗaya ba ya kashe magana, yakan jira zaɓe na gaba ne kawai. Sannan idan abin da ake jayayya a kai mutuncin 'yan tsiraru ne, ƙirga hannuwa bai isa ba, sai an je an tambayi masu mutuncin.

A ƙasar Hausa ba baƙon abu ba ne makaranta ta yi kirari da dabba. Kwalejin da aka kafa a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta zauna a Zariya a 1949, ta ɗauki sunan Barewa a 1971, kuma barewar ce a bajonta. Sardauna Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk ta nan suka bi. Fiye da shekara hamsin ke nan sunan yana nan daram. Barewa ba ta da addini, ba ta da jam'iyya, ba ta da ƙabila, kowane ɗalibi yana iya cewa tasa ce.

Namu rikicin ya fi zuwa ta wasu ƙofofi: sunan makaranta, suturar ɗalibi, da alamar addini. Kuma galibi daga sama hukuncin ke saukowa.

Kanawa sun gani da idonsu. Jami'ar Northwest da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa a 2012 ta koma Jami'ar Yusuf Maitama Sule a 2017, bayan rasuwar Ɗanmasanin Kano, a zamanin Abdullahi Umar Ganduje. A ƙarshen 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta mayar mata da sunanta na farko. Wanda ya shiga a 2016 ya sami takardar shiga da suna ɗaya, ya karɓi digiri da wani suna, yau kuma idan ya je neman takardun sakamakonsa zai tarar da allon ƙofa ya sake canzawa. Babu mai jayayya da cancantar Ɗanmasani. Abin tambaya shi ne ko an zauna da ɗalibai da malamai da tsofaffin ɗalibai kafin kowanne daga cikin sauye-sauyen biyu. A Legas an taɓa gwada irin wannan a ranar 29 ga Mayun 2012, lokacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da sa wa Jami'ar Legas sunan Moshood Abiola. Ɗalibai suka cika titi, aka je kotu, sunan bai zauna ba.

Zane ma yana iya zama magana. A Yunin 2023 aka rushe shataletalen ƙofar gidan gwamnatin Kano, wanda aka gina a 2017 don cikar jihar shekara 50. Cikin dalilan da aka ji daga bakin jami'an gwamnati har da cewa siffar ginin tana ɗauke da gicciye. Wasu suka yarda, wasu suka ce ado ne irin na gargajiya. Da aka zo muhawarar, ginin ya riga ya zama ɓaraguzai.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a Kwara. Makarantun da mishan suka kafa, gwamnati ta karɓi ɗawainiyarsu tun shekarun 1970, tana biyan malamai, amma sunayen coci suna nan a allon ƙofa. Iyaye Musulmi suka ce makarantar gwamnati ce, 'ya'yansu za su sa hijabi. Coci-coci suka ce gadonsu ne. A Fabrairun 2021 gwamnati ta rufe makarantu goma a Ilori, ranar da aka buɗe su a Maris kuma aka yi jefe-jefe a bakin ƙofa. A Fabrairun 2022 aka rasa rai a rikicin wata sakandaren Baptist a Ijagbo. A ranar 17 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli, a shari'ar da ta taso daga Legas, ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas, da rinjayen alƙalai biyar cikin bakwai. Hukuncin ya fayyace haƙƙi, kuma daidai ne a fayyace shi. Amma an shafe kusan shekara goma ana shari'ar, 'yan matan da aka shigar da ƙarar da sunansu sun daɗe da barin sakandare.

Fagge da Sabon Gari suna da dalilin sauraron waɗannan labarai da kunnen basira. Fagge tsohon zangon fatake ne a wajen ganuwa, inda Buzaye da sauran baƙin ayari ke sauka. Sabon Gari kuwa Turawan mulkin mallaka suka yanka shi wajen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa, don ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Da yake ba a bar mishan sun yi aiki a cikin birni ba, a wajen ganuwa makarantunsu suka tsiro. Ƙungiyar Ibo ta gina tata makarantar, 'yan'uwa mata na St. Louis suka iso daga Ireland a 1948, kuma gidajen Musulmi da yawa sun tura 'ya'yansu can. Yau unguwannin biyu suna cikin ƙaramar hukuma ɗaya, kasuwa ta haɗa su daga Kantin Kwari zuwa kasuwar Abubakar Rimi, aji ɗaya kuma yakan haɗa Bahaushe da Bayarabe da Ibo da ɗan kudancin Kaduna. Dattawan yankin ba su manta rikicin Mayun 1953 ba, ba su manta na Oktoban 1991 ba. Sun san yadda ƙaramar magana ke girma idan ta fita titi kafin ta sami wurin zama.

Wurin zaman kuwa akwai shi, a takarda aƙalla. Tun tsakiyar shekarun 2000 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince kowace makarantar gwamnati ta kafa kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda aka fi sani da SBMC. Ya bambanta da PTA, wadda ta iyaye da malamai ce kawai. A cikinsa ana son a ga hedimasta, wakilin malamai, ɗalibi namiji da mace, wakilin mai unguwa ko dagaci, malaman addini, wakiliyar mata, matasa, masu sana'a da tsofaffin ɗalibai. Shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 ya horar da irin waɗannan kwamitoci a Kano da Jigawa da Kaduna da wasu jihohi. Inda suke aiki, an fi saninsu da gyaran rufin aji, haƙa rijiya da bin gida-gida a mayar da yara makaranta. Ba su da ikon canza sunan makaranta ko yunifom, wannan na hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ne da ma'aikatar ilimi. Amma su ne kaɗai teburin da limami da fasto da mai unguwa da uwar ɗalibi ke da kujera a kai tun kafin a yi faɗa.

A ce wata uwa a Fagge ta ga wani zane a bajon ɗanta da zuciyarta ba ta kwanta da shi ba, ko wani uba a Sabon Gari ya ji an sa wa gidajen wasannin makaranta sunayen da babu ko ɗaya da ya shafi mutanensa. Amsar da aka saba bayarwa ita ce haka muka tarar. Wannan amsa ce ke tura mutum gidan rediyo ko Facebook, inda hoto ɗaya zai zaga gari kafin la'asar. Abin da ya fi shi ne kwamitin ya karɓi ƙorafin a rubuce, ya binciko wanda ya zana bajon da abin da ya nufa, ya kira waɗanda abin ya taɓa su yi magana da bakinsu ko da su ne 'yan kaɗan, ya ji tsofaffin ɗalibai, domin ƙaunar da suke wa tsohon bajo gaskiya ce ba taurin kai ba. Sannan ya rubuta dalilansa ya miƙa wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Rubutattun dalilai ne suka ceci hukuncin farko a Cambridge, kuma su ne za su sa sabon hedimasta ko sabuwar gwamnati su yi tunani kafin su juya abin da aka gama.

Akwai kuma batun aljihu, wanda masu yanke hukunci daga ofis kan manta. Canza bajo yana nufin sabuwar riga, sabon hijabi, sabuwar rigar wasanni, wani lokaci har littattafan rubutu masu tambari. Ga mai tura kura a kasuwar Singa da ke da yara huɗu a firamare, wannan kuɗin cefanen kwanaki ne. Jihar Osun ta ɗanɗana: gwamnatin Rauf Aregbesola ta ɗinka wa duk makarantun gwamnati yunifom iri ɗaya a 2013, tsofaffin ɗalibai da iyaye suka yi ta ƙorafi, gwamnatin Gboyega Oyetola ta soke tsarin a 2020, kowa ya koma neman tsohon launinsa. Idan canji ya zama dole, adalci shi ne a fara da 'yan aji ɗaya, a bar na gaba su ƙarasa da rigunan da ke jikinsu.

Inda gibin ya fi faɗi shi ne makarantun kuɗi, waɗanda suka cika lungunan Sabon Gari da Fagge. A can mai makaranta shi ke zaɓen suna da launi da bajo, sau da yawa shi ke sayar da yunifom ɗin ma, kuma tsarin SBMC ba don su aka yi shi ba. Hukumar kula da makarantu masu zaman kansu ta jihar Kano ita ke ba su lasisi. Tana iya sa wa cikin sharuɗɗan lasisin cewa kowace makaranta ta ajiye samfurin bajonta da takenta a hukumar, kuma ba za ta canza su ba sai ta kira taron iyaye, ta ba su sanarwar aƙalla zangon karatu ɗaya.