Daga Aikin Ruwa Zuwa Siyasar Ƙasa: Rayuwar Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso

Gabatarwa

Kogin Kano yana gangarowa ne daga tsaunukan kudu, ya ratsa ƙasar Doguwa da Tudun Wada, sannan ya kwanta a madatsar Tiga da ke Ƙaramar Hukumar Bebeji. Gwamnatin Audu Baƙo ce ta gina wannan madatsa tsakanin 1971 da 1974, a daidai lokacin da fari ya addabi Arewa. Da ruwanta ne ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. Irin waɗannan ayyuka sun buƙaci injiniyoyi 'yan ƙasa, kuma hukumar albarkatun ruwa da gine-gine ta Jihar Kano, wato WRECA, ita ce ta reni da yawa daga cikinsu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fito daga wannan gida shi ne Rabi'u Musa Kwankwaso.

Haihuwa da Karatu

An haife shi ranar 21 ga Oktoba, 1956, a garin Kwankwaso cikin ƙasar Madobi. Bayan firamare a Kwankwaso da Gwarzo, sai ya shiga Makarantar Koyon Sana'a ta Wudil, daga nan ya wuce Kwalejin Fasaha ta Kano, sannan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Daga baya ya tafi Ingila, inda ya sami digiri na biyu a fannin injiniyancin ruwa daga Jami'ar Loughborough a 1985. Abin lura a nan shi ne, ta ƙofar makarantar sana'a ya shigo, ƙofar da iyaye da dama ke rainawa.

Aiki da Shiga Siyasa

Ya kama aiki da WRECA a 1975, ya shafe shekara 17 har ya kai muƙamin babban injiniya. Aikin ruwa yana kai ma'aikaci lungu da saƙo, yana kuma nuna masa cewa injiniya ke zana aiki, amma masu mulki ke ware masa kuɗi.

A 1992 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai mai wakiltar Madobi a jam'iyyar SDP, kuma ya zama Mataimakin Shugaban Majalisar. Wannan majalisa ba ta yi tsawon rai ba, domin Janar Sani Abacha ya rushe ta a Nuwamba, 1993. A 1994 ya halarci taron tsara kundin mulki, a 1999 kuma ya zama Gwamnan Kano a jam'iyyar PDP. Ya sha kaye a hannun Malam Ibrahim Shekarau a 2003, sai Shugaba Obasanjo ya naɗa shi Ministan Tsaro. Ya sake mulkin Kano daga 2011 zuwa 2015, ya wakilci Kano ta Tsakiya a Majalisar Dattawa daga 2015 zuwa 2019. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ya tsaya a jam'iyyar NNPP, ya zo na huɗu, Jihar Kano kaɗai ya lashe.

Tasirin Sana'a a Mulki

Hausawa kan ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Idan aka yi nazarin ayyukansa, za a ga sawun makarantar fasaha a cikinsu. A zangonsa na farko aka buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil a 2001. A zango na biyu aka kafa Jami'ar Northwest a 2012, aka tura ɗalibai ƙasashen waje, aka kuma soma aikin samar da lantarki a madatsun Tiga da Challawa. Sai dai gwamnatin da ta gaje shi ta koka da yawan bashin da aka bar mata, kuma har yau Kanawa na muhawara a kan wannan.

Kammalawa

Malamin da zai koyar da tarihin ɗan siyasa mai rai, wajibi ne ya rarrabe tsakanin abin da ya tabbata da yabon magoya baya ko sukar 'yan hamayya, domin ajinsa ya ƙunshi 'ya'yan kowane ɓangare. Har ila yau, ya nuna wa ɗalibai cewa yaron da ya fara da guduma da awartaki yana iya kaiwa zauren majalisa.

Aikin Yi

1. Kawo makarantu uku da Kwankwaso ya yi kafin ya tafi Ingila.
2. Yi bayanin amfanin madatsar Tiga ga manoman Kano.
3. Rubuta tarihin wani ma'aikaci daga ƙaramar hukumarku, ba tare da nuna son kai ba.